Filin Tambayoyinku: Na Kama Dodo, Amma Bai Daina Dukana Ba

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon, waɗanda yawancinsu daga cikin garin Sakkwato suka fito, sun taru a kan abu guda, wato dokar kama abokin gaba da riƙe shi a wasannin labari na kan tebur, musamman Dungeons & Dragons. Ga wanda bai saba ba, wasa ne da mutum huɗu ko biyar suke zama a kansa, kowa da jarumin da ya tsara a takarda, mutum ɗaya yana jan labari yana kuma yanke hukunci, sannan dayis mai fuska 20 tare da makin jarumi su ne suke fayyace ko yunƙuri ya ci ko bai ci ba. Ana zana filin daga gida-gida, kowane gida kuma yana tsayawa a matsayin ƙafa 5. Tambayoyin da suka yi kama da juna na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya daga wani mai karatu a Mabera: Assalamu alaikum, Malam. Muna wasa da littafin dokoki na bugun 2014. Jarumina mayaƙi ne a mataki na biyar. Na kama wani dodo, dayis ya ba ni nasara, amma da layi ya zo kan dodon sai mai jan labarinmu ya ce ya ɗaga kulkinsa ya kwaɗa mini, ba tare da an rage masa komai ba. Na ce wanda aka riƙe ba ya duka, ya ce yana yi. Wa ke da gaskiya? Idan kuma shi ne, mene ne amfanin kamun?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai jan labarinku ne ke da gaskiya, kuma bai zalunce ka ba. A bugun 2014, abin da kamu yake yi wa wanda aka kama guda ɗaya ne tak: tafiyarsa tana komawa sifili, kuma babu wani ƙarin gudu da zai amfane shi. Hannuwansa suna nan, makaminsa yana nan, bakinsa yana nan. Zai iya sarar ka, zai iya sarar wanda ke kusa da kai, kuma ba a rage masa ko maki ɗaya a harinsa.

Na san inda tunaninka ya fito, domin duk wanda ya taso yana kallon kokawa ya san cewa riƙo mai kyau rabin nasara ne, kuma da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka, a ɗaga wanda ya yi kaye. A kan tebur ba haka abin yake ba. Riƙo ba ya kawo ƙarshen faɗa, kaye ma ba ya kawo shi. Abin da suke yi shi ne su ƙwace wa abokin gaba ikon zaɓen inda zai tsaya, kuma duk amfanin dabarar yana rataye ne a kan abin da kai da abokan tafiyarka za ku yi da wannan damar.

Bari mu bi dokar dalla-dalla. Kana buƙatar hannu ɗaya da babu komai a cikinsa, abokin gaban ya kasance inda hannunka zai kai, kuma kada ya fi ka girma da sama da mataki ɗaya. Kamun yana cin hari ɗaya daga cikin hare-haren da kake da su a wannan layin. Sai ka jefa dayis ka haɗa da makin ƙarfinka da na gwanintarka, shi kuma ya zaɓi ko ya kare kansa da ƙarfi ko da zilliya, duk wanda ya fi masa. Idan lambobinku suka yi kunnen doki, abu yana zama yadda yake kafin yunƙurin, wato ba ka kama shi ba. Idan jaruminka yana da ƙarfi 18, wanda ke ba da ƙarin 4, ga ƙarin gwaninta 3 na mataki na biyar, to da 7 kake shiga. Dodon nan mai kulki na littafin halittu ƙarfinsa 19 ne, ƙarinsa 4, kuma ba shi da gwanintar kokawa, saboda haka za ka kama shi kusan sau 62 cikin 100.

Ga inda ka bar riba a ƙasa. Mayaƙi a mataki na biyar hari biyu yake da shi a kowane layi. Na farko ka kama da shi, ka ce dayis ya nuna 12, ka haɗa da 7 ya zama 19, dodon ya jefa 9 ya haɗa da 4 ya tsaya a 13, hannunka ya damƙe shi. Na biyun kada ka ɓata shi a sara. Ka bangaje shi ƙasa, wanda shi ma irin wannan gwajin ne ake sake yi. Wanda yake kwance a ƙasa yana buƙatar rabin tafiyarsa kafin ya miƙe, kuma doka ta faɗa ƙarara cewa wanda tafiyarsa sifili ce ba zai iya miƙewa ba. Yanzu dodon yana kwance, duk harin da ya kai zai jefa dayis biyu ya ɗauki ƙaramin, duk wanda ya kai masa hari daga gidan da ke maƙwabtaka da shi kuma zai jefa biyu ya ɗauki babban. Wannan fifikon ba ƙaramin abu ba ne, domin harin da a da yake ci sau 50 cikin 100 yana komawa sau 75. Idan dodon yana son ya kuɓuce, sai ya sadaukar da babban aikinsa na wannan layin gaba ɗaya ya gwada, kuma ko ya yi nasara, layin ya tafi ba tare da ya doki kowa ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a nan ne kamu yake biyan kuɗinsa, lokacin da abokanka biyu ko uku suke tsaye kusa da makamai a hannu.

Sai dai ka lissafa abin da ka biya. Ka ba da sara biyu da za su iya rage masa rai. Hannunka ɗaya ya tafi har sai ka sake shi, don haka babban gatari ko takobin da ake riƙewa da hannu biyu ba zai saru ba. Idan garkuwa ce a ɗaya hannun, ba ka da makami ke nan sai ƙafa da goshi, waɗanda ɓarnarsu maki 1 ne haɗe da ƙarin ƙarfinka. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne maharba. Wanda yake harbi daga nesa a kan mutumin da ke kwance, tawaya yake samu, wato ya jefa dayis biyu ya ɗauki ƙaramin, ba fifiko ba. Idan ƙungiyarku masu baka da kibiya ne suka fi yawa, kayar da dodon cutar da su ka yi. A irin wannan hali ka riƙe shi a tsaye kawai, ka hana shi isa wurinsu, su kuma su yi aikinsu.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Dundaye: Malam, barka da aiki. A ɗakinmu akwai mai littafin 2014, akwai kuma wanda ya samo na 2024 a wayarsa. Duk lokacin da aka zo kamu sai gardama ta tashi, ɗaya ya ce mai kamawa ne ke jefa dayis, ɗaya ya ce wanda za a kama ne. Wanne za mu bi?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Dukansu sun karanta daidai, littattafan ne suka bambanta. A bugun 2024 an mayar da kamu ɗaya daga cikin abubuwa uku da za ka iya yi da harin hannu tsura, wato duka, kamu, ko bangaza. Mai kamawa ba ya jefa komai. Ana haɗa 8 da ƙarin ƙarfinsa da ƙarin gwanintarsa a sami lamba, wanda za a kama kuma ya yi jifar tsira da ƙarfi ko da zafin nama, yadda ya zaɓa, domin ya kai wannan lambar. Mayaƙin da muka yi misali da shi a sama lambarsa 15 ce. Abokin gaba mai ƙarin 2 yana buƙatar dayis ya nuna 13 ko sama, saboda haka ana kama shi sau 60 cikin 100. A tsohuwar dokar, mai 7 a kan mai 2 yana cin nasara sau 70 cikin 100, idan kuma jarumin nan ne mai fushin yaƙi, wanda harzuƙarsa ke ba shi fifiko a duk gwajin ƙarfi, lissafin yana haurawa kusan 85.

Ka ga ke nan an ɗan rage wa gwanayen kamu fuka-fuki. Fushin yaƙi ba ya taimaka wa kamun farko, haka ma ninkin gwaninta da wasu jarumai suke samu, tunda babu jifar da za a ɗora su a kai. Manyan halittu kuma, waɗanda doka ta ba su ikon mayar da jifar tsirar da suka faɗi ta zama nasara, galibi sau uku a rana, yanzu suna iya amfani da wannan ikon su ƙi kamuwa, abin da ba ya yiwuwa a tsohon tsarin domin can gasa ce tsakanin mutum biyu, ba jifar tsira ba.

A ɗaya gefen an ƙara wa riƙon kansa nauyi. Wanda aka kama a bugun 2024 yana samun tawaya idan ya kai hari ga kowa in ba wanda ya riƙe shi ba, wanda hakan ya mayar da kamu hanya ta gaske ta kare raunanan abokan tafiya. Tunda kuma harin hannu tsura ne, za ka iya cafke wanda yake ƙoƙarin sulalewa ya wuce ka a matsayin harin martani, ba sai layinka ya zo ba. Ni a ganina wannan shi ne gyara mafi amfani da aka yi, domin mai tsaron ƙofa ya sami abin da zai tsare ta da shi.

Game da wanne za ku bi, ku zaɓi ɗaya kafin a fara zaman, ku rubuta shi a saman takardar mai jan labari. Abin da ba zan ba ku shawara ba shi ne ku tsinci mai daɗi daga nan ku tsinci mai daɗi daga can, kamar a kama da gasar 2014 sannan a ɗora tawayar 2024 a kai, domin kowane tsari an auna sauƙinsa da tsadarsa tare.

Tambaya daga Gidan Igwai: Malam, an hana ni kama Basamude, an ce ya fi ƙarfina, alhali ko dayis ban jefa ba.

Amsa: An yi daidai. Matakan girma shida ne, mutum yana na uku, dodo mai kulki da doki suna na huɗu, Samudawa kuma suna na biyar, wato sun fi ka da mataki biyu. Mafita ita ce wani matsafi a cikinku ya yi maka sihirin ƙara girma, wanda zai ɗaga ka mataki ɗaya har tsawon minti ɗaya, wato zagaye goma, ya kuma ba ka fifiko a gwajin ƙarfi. Amma idan aka doki matsafin hankalinsa ya rabu da sihirin, za ka koma girmanka a gaban Basamuden da ka fusata.

Tambaya daga wata mai karatu a Arkilla: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce nake jan labari ga ƙannena da 'ya'yan yayata idan an yi hutu. Ɗaya daga cikinsu ya gano dabarar kamawa da kayarwa, yanzu duk wani babban mugu da na ɓata lokaci na shirya, a zagaye na farko yake kwantar da shi, sauran su taru su gama da shi. Na fara tunanin in hana kamu gaba ɗaya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki hana. Yaron ya karanta doka ya fahimce ta, ya kuma gina jaruminsa a kanta, idan kika soke ta kin hukunta shi ne a kan ƙoƙari. Matsalar ba a dabararsa take ba, a tsarin faɗan take. Mugu guda ɗaya, mai girman mutum, tsaye shi kaɗai a fili fetal a gaban jarumai huɗu, kowace dabara ma za ta gama da shi, kamu dai ya fi saurin nuna hakan ne.

Abu na farko da za ki duba shi ne yadda riƙo yake warwarewa ba tare da wanda aka riƙe ya ɓata layinsa ba. Doka ta ce kamu yana ƙarewa idan mai riƙon ya suma ko ya kasa aikata komai, ko kuma idan wani abu ya raba su har ɗaya ya fita daga inda hannun ɗayan zai kai. Wannan yana nufin bafade ɗaya daga cikin mutanen mugun zai iya zuwa ya hankaɗa mai riƙon gida ɗaya baya, riƙo ya tsinke, mugun ya miƙe da rabin tafiyarsa ya ci gaba da faɗa. Sihirin tsawa da ke tura mutane ƙafa 10 yana yin wannan aikin. Shugaba mai hankali ba ya yawo ba tare da irin waɗannan mutanen ba, kuma da zarar kin sa su a fili, sauran yaran sun sami aikin yi, wato tare fadawan don kada su kai ga mai riƙon. Faɗan ya fi daɗi ke nan fiye da yadda yake a da.

Sannan ba kowace halitta ce take kamuwa ba. Fatalwa ba ta da jikin da za a damƙa, kuma an rubuta a bayaninta cewa kamu da kaye ba sa aiki a kanta. Taron ƙwari ko na jemagu ma haka ne. Akwai waɗanda suka fi girman a kama su, akwai matsafin da zai ɓace ya bayyana nisan ƙafa 30 da ƙaramin aiki kawai, akwai kuma sihirin da ke ba mutum damar suɓucewa daga riƙo da kuɗin ƙafa 5 na tafiyarsa. Sai dai ki yi hattara da yawan amfani da waɗannan. Idan yaron ya lura cewa tun daga ranar da ya ƙware duk maƙiyan duniya suka zama fatalwowi, zai gane abin da ake yi masa, kuma zai yi gaskiya idan ya ji haushi. A faɗa uku, ki bar dabararsa ta ci sosai a ɗaya, ta yi wuya a ɗaya, ta zama ba ta da wurin shiga a ɗaya.

Abin da na fi so ki gwada shi ne ki juya masa dabarar. Halittu da yawa suna kamu, kuma nasu ya fi na jarumai sauƙi, domin da zarar harinsu ya ci riƙon ya tabbata ba tare da wata gasa ba. Kada na littafin 2014 misali ne mai kyau: idan ya ciji mutum ya riƙe shi, lambar kuɓucewa 12 ce, kuma wanda ke bakinsa ba kamamme kawai ba ne, ɗaurarre ne, wato duk mai kai masa hari yana da fifiko, shi kuma nasa harin yana da tawaya. Ki sa su tsallaka gulbi a kwalekwale, sai kadan ya cafke mai riƙon nan ya fara jan sa zuwa zurfi da rabin gudunsa. Nan take yaron zai koyi ɗaya ɓangaren dokar, sauran kuma za su yi ta lissafin ko su sari kadan ko su jawo ɗan'uwansu.

Ki kuma ba shi filin da zai nuna gwanintarsa ta wata fuska. Mai riƙo yana iya jan wanda ya kama da rabin tafiyarsa, wato gida uku ga mai ƙafa 30, kuma wanda ake ja ba ya jawo harin martani tunda ba da son ransa yake motsi ba, ko da yake mai jan yana iya jawo wa kansa idan ya bar gefen wani maƙiyin. Idan akwai ganuwa, rijiya, ko bakin rami a taswirar, kamu ya tashi daga hana motsi ya zama makami, domin faɗuwa tana cin dayis ɗaya mai fuska 6 a kowace ƙafa 10, har zuwa dayis 20. Akwai sihirin da ke tsiro da ƙaya a ƙasa, wanda ke cin dayis biyu masu fuska 4 a kowane gida da aka ratsa. Mai riƙo ya bi gefen ƙayar yana jan mutum a cikinta gida uku, dayis shida ke nan, matsakaicin ɓarna maki 15 a layi ɗaya. Teburori suna sha bamban a kan ko mai riƙo yana da ikon zaɓen gefen da zai ja mutum, don haka ki yanke hukuncinki tun kafin yaran su gano wannan, kuma ina tabbatar miki za su gano.

Tambaya daga Runjin Sambo: Malam, idan aka kama matsafi, yana iya yin sihiri?

Amsa: Yana iyawa, a bugun 2014 da na 2024 duka. Kamu bai ɗaure masa hannu ba, bai kuma toshe masa baki ba. Abin da kawai zai dame shi shi ne dokar harbi a kusa, wadda ta ce duk mai kai harin nesa alhali maƙiyi yana tsaye dab da shi yana samun tawaya, amma sihirin da ke tilasta wa mutane jifar tsira wannan bai shafe shi ba. Idan kuna son ku rufe bakin matsafi da gaske, aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya yi sihirin shiru, wanda ke haɗiye duk wani sauti a da'ira mai nisan ƙafa 20 daga tsakiyarta, ɗaya kuma ya riƙe matsafin a ciki. Yawancin sihirce-sihirce suna buƙatar furuci, har da na ɓacewar nan da na ambata wa Malama a sama. A ka'ida matsafin fita kawai zai yi daga da'irar, to amma tafiyarsa sifili ce, kuma matsafa ba su cika ƙarfi ba.

Tambaya daga wani dattijo a Gawon Nama: Na fara wannan wasa tun ina karatu a waje, a kan bugu na uku. A lokacinmu idan wani ya ce zai yi kamu, kowa tsaki yake yi. Yanzu na ga jikokina suna yi ba wahala. Me ya canza?

Amsa: Ranka ya daɗe, tsakin naku yana da dalili. Wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ya ratsa hannuwa da dama, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000 da gyararrensa a 2003, kuma a nan ne dokar kamu ta yi ƙaurin suna. Matakai huɗu ake bi. Da farko yunƙurin yana jawo maka harin martani, kuma idan harin ya yi maka rauni kamun ya rushe tun kafin a fara. Sannan ka jefa dayis don ka taɓa shi, sannan a yi gasar riƙo, sannan ka shiga gidan da yake tsaye. Bayan haka akwai jerin abubuwan da aka yarda a yi a cikin riƙo, kowanne da sharaɗinsa: ƙaramin makami kawai za a iya amfani da shi kuma da ragin 4, matsafi ba zai yi sihirin da ke buƙatar motsin hannu ba, wanda ya rage masa ma sai ya ci gwajin natsuwa na 20 haɗe da matakin sihirin. Girma kuma yana ƙara 4 a kowane mataki, 4, 8, 12, har 16, ta yadda babbar halitta idan ta riƙe mutum kusan babu fita. Duk wanda ya ce zai yi kamu ya san za a dakatar da wasa a buɗe littafi.

Kamfanin Paizo, da ya fitar da Pathfinder a 2009 a kan harsashin wannan bugun, ya tattara kamu da taɗiya da ƙwace makami a ƙarƙashin lamba ɗaya ta hari da lamba ɗaya ta kariya. A bugunsa na biyu na 2019 an ƙara sauƙaƙawa: jifa ɗaya ce a kan lambar juriyar abokin gaba, idan ka ci ka kama shi, idan ka haura lambar da 10 ka ɗaure shi, idan kuma ka gaza da 10 shi ne zai iya kama ka ko ya kayar da kai. Riƙon yana ƙarewa a ƙarshen layinka na gaba sai ka sabunta shi, kuma yana cikin hare-haren da ake rage wa 5 a na biyu da 10 a na uku. A nawa ra'ayin wannan tsarin ya fi kowanne kama da yadda riƙo yake a zahiri, domin mai kamu ma yana cikin haɗari. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wato na 2014 da gyararrensa na 2024, ya zaɓi sauri ne a kan cikakken kwaikwayo, shi ya sa jikokinka suke gamawa da jifa ɗaya.

Tambaya daga wani mai karatu a Illela: Malam, a labarinmu jarumai za su isa wani gari ranar kokawa, kuma ina son ɗaya daga cikinsu ya shiga fili. Idan na bi dokar littafi, jifa biyu an gama. Yaya zan yi abin ya yi armashi?

Amsa: Kai da kake bakin iyaka ka fi ni sanin yadda ake ji da kokawa a Nijar, inda tun 1975 ake gasar ƙasa, jihohi suna karawa a kan takobi. Dokar littafi an yi ta ne don fagen yaƙi, inda kaye mataki ne kawai, saboda haka ba za ta ba ka abin da kake nema ba. Ga abin da zan ba ka shawara, kuma tsarina ne, ba na wani littafi ba.

Ka ajiye makin rai gefe, domin babu wanda ake son raunatawa. Ka ɗora tsakuwa a tsakiyar layi mai gida bakwai, uku ta kowane gefe. A kowane zagaye 'yan kokawar biyu su jefa dayis, kowa ya zaɓi ƙarfi ko zilliya, wanda ya ci ya matsar da tsakuwar gida ɗaya zuwa gefensa. Gida na farko ya sami riƙo, na biyu ya raba abokin karawarsa da daidaiton ƙafa, na uku kaye. Wanda ya fi abokinsa da 10 ko sama ya matsar da ita gida biyu. Ka ba kowane ɗan kokawa damar yin kasada idan ya ga dama, kamar ya kai hannu ƙafa ko ya yi taɗiya: ya faɗa kafin jifa, idan ya ci ya sami gida biyu, idan ya faɗi ya rasa biyu. Bayan zagaye na biyar kowa ya yi gwajin juriya a kan lamba 10, a riƙa ƙara 2 a kowane zagaye, wanda ya gaza ya yi jifarsa ta gaba da tawaya, don kada karawar ta ƙi ƙarewa.

Sauran 'yan teburin kada su zauna kallo. Idan akwai makaɗi a cikin jaruman, dokar wasa ta riga ta ba shi dayis mai fuska 6 da zai miƙa wa wanda ya zuga, mai fuska 8 daga mataki na biyar, to ka sharɗanta masa ya yi wa ɗan kokawar kirari da bakinsa kafin ka yarda a ƙara dayis ɗin. Wani ya zaga cikin 'yan kallo ya binciko ko zakaran garin yana da tsohon targaɗe a gwiwa, idan ya gano, jaruminku ya sami fifiko sau ɗaya a kasadar taɗiya. Zakaran garin kuma ka ba shi ƙarin da ya fi na jarumin da 1 ko 2 kawai, domin a tsarin da ake jifa da yawa a jere ƙaramin bambanci yana taruwa, kuma idan ka ba shi ratar 5 jaruminku zai sha ƙasa kusan duk lokacin da aka kara.